Sharfaddeen Bai Tsaya Ba

Sharfaddeen mai ɗinkin hannu ne a Ƙofar Gayan, a zaure yake yini da babbar riga a cinya. Ciwon baya ne ya sa shi sayen keken gwanjo mai giya da faffaɗar taya. A wajen mai gyaran keke ya haɗu da Malam Ronald, malamin lissafi daga Wusasa, wanda ya ba shi shekara goma sha biyu. Shi ya koya masa hawan dutse da bin hanyar gona, kuma shekara biyu ke nan duk Asabar tare suke fita.

Da ƙungiyar masu keke ta shirya tsere a watan Agusta, tare suka ba da suna. Kilomita talatin ne: a tashi daga bakin ganuwa, a ratsa gonaki, a zaga gindin dutsen Kufena, a dawo. Kwana biyu aka jera ana ruwa kafin ranar.

Su arba'in da ɗaya suka tashi da hantsi. Tun ba a yi nisa ba hanya ta koma kunu. Jan taɓo ya cika taya, ya toshe sarƙa, ya rufe lambar da ke ƙirjin kowa. Wasu suka sauka suna turi, wani ya jingine kekensa a masara ya zauna. Malam Ronald ya yi gaba, Sharfaddeen ya daina hango shi. Can wajen rabin hanya ya lura ba ya jin tafukan hannunsa. Ƙafafunsa suna juya feda da kansu. Akwai ƙasa a bakinsa, bai ma tofar ba. Ƙishirwa ta zo ta tafi, gajiya ma haka, ya rage daga shi sai tayar gaba.

A gangaren wani rafi ya ga keke a kwance, tayar baya tana ta juyawa. Malam Ronald yana gefe cikin laka, hular kwanonsa ta karkace, ƙafarsa ta dama ta lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwashewa.

"Sharfu!" in ji shi. "Sharfu, tsaya!"

Ya ji shi sarai, sun ma haɗa ido. Yatsunsa suna kan birki, amma ba su matsa ba. Keken ya faɗa ruwa, ya haura ɗaya gaɓar, ƙafafun suka ci gaba da aikinsu. Ba wai yana hangen kyauta ba ne, don bai ma san mutum nawa ke gabansa ba. Ya dai wuce.

Shi ya zo na shida. Aka tafa masa, aka rataya masa lambar yabo a wuya, wani ya juye masa ruwan leda a ka. Wani daga cikin masu shirya tseren ya tambaye shi ina abokinsa.

"Yana rafi. Ya faɗi."

"Tun yaushe?"

Kafin a tura mota, labari ya iso cewa mutum biyu da ke bayan Sharfaddeen sun tsaya, sun nemo wani manomi, an kai Malam Ronald asibiti.

A gida ya yi wanka har sau biyu, ruwan yana fita ja. Matarsa Sa'ida ta kawo tuwo, ya cinye tas. Ta ɗauki lambar tana juyawa, tana cewa ashe dai abin na gaske ne. Ya so ya gaya mata, sai ya ga bai san ta inda zai fara ba. Ya yi azahar ya kwanta, barci ya kwashe shi har la'asar ta kusa fita. Da ya farka ya zauna a bakin gado yana jiran kunya ta zo masa, ko tsoro. Shiru.

Washegari ya tafi asibitin da lemo a leda. Madam Ethel, matar Malam Ronald, ta amsa gaisuwarsa da fara'a, har da godiya, ya gane ba a gaya mata ba. Da ta fita neman magani suka rage su biyu. An ɗaure ƙafar tun daga cinya, karaya biyu.

"Sannu, Malam. Ya jiki?"

"Da sauƙi. Na nawa ka zo?"

"Na shida."

"Ka yi ƙoƙari." Malam Ronald ya kalli rufin ɗakin. "Ka ji ni kuwa da na kira ka?"

"Na ji."

"To me ya faru?"

"Wallahi ban sani ba, Malam."

Daga nan Malam Ronald ya ce kekensa yana gidan manomin, wani Lado, a ƙauyen da ke hayin rafin, in ba damuwa a karɓo masa.

Ranar Litinin Sharfaddeen ya je ya karɓo. Tayar gaba ta karkace, ba ya hawuwa, sai ya turo shi a ƙasa har Wusasa. Ya roƙi bokiti da tsumma, ya wanke shi a ƙofar gida, ya shigar da shi baranda.

Wata biyar Malam Ronald ya yi kafin ya koma aji, yana dogara sanda. Bai sake hawa keke ba, bai kuma sake tayar da maganar rafin ba. Da Kirsimeti Madam Ethel ta aiko da shinkafa da kaza, Sa'ida ta mayar da kwanukan da dubulan a ciki. Suna gaisawa a waya jefi-jefi, su tambayi iyali, su yi sallama. Sharfaddeen yana fita ranar Asabar har yanzu, shi kaɗai, yawanci ta hanyar Gyallesu inda akwai kwalta.