Jar Hular da Na Gani

"Noelene, taho da sauri, Baba na kiranki!"

Ina tsaka da shanya maƙwabciyarmu Concetta ta ƙwala mini kira ta kan shinge. Sai da na waiga bayana, ko akwai wata Noelene ɗin. Shekara arba'in da ɗaya ba ɗan gidanmu da ya taka gidan mahaifinta, Alfio, kuma ni ce dalili.

Ina da shekara bakwai wuta ta cinye mana rumfar tarakta, har da karenmu a ciki. Lokacin ƙona ganyen rake ne kafin yanka, kowane manomi a yankinmu na Queensland na yawo da gwangwanin kananzir na cinna wuta. Ni na ce na hango Alfio ta tagar ɗakina, da jar hula, yana ɗiga wuta a bayan rumfar. Shi kuwa a lokacin giya ta riƙe shi, bai iya faɗin inda ya yini ba. Aka cire shi daga ƙungiyar masu yankan rake. Ko a coci, benci guda ake bar masa shi kaɗai.

Yayana Des, da ya zo mana kwana biyu, ya raka ni, amma ya toge a baranda, gindin taga.

Na sami tsohon kwance a gado, ya zama ƙashi da fata. Ya damƙe hannuna.

"Yarinya, ki yafe mini kafin in tafi. Ni na sa wutar nan."

"Baba Alfio, ai ya wuce."

"Bai wuce ba. Da ban tuna ba, amma yanzu tar nake gani. Iska ta juya, karen yana ta kuka, ni kuwa na tsaya kamar gunki."

Na yafe masa. Ba zan ɓoye ba, har wani daɗi na ji, irin na wanda gaskiyarsa ta yi halinta. Na fito ina ɗaga kai, sai na tarar da Des ya jingina da bango, ya zaro ido.

"Kai kuma fa? Fatalwa ka gani?"

"Noelene, ba shi ba ne. Ni ne. Sigarin Babanmu na sata, na ɓuya bayan rumfa ina sha."

"Kai, Yaya, bar wasan banza! Da idona na gan shi."

"Da wane idon? Kina kwance ƙyanda ta rufe miki ido, Mama ta saki labule. Ni na riƙa shiga ina tambayarki, ba ki ga Alfio ba? Kika ce a'a. Na sake, na sake. Rana ta uku kika ce kin gan shi."

"To jar hular fa?"

"Tawa ce. Alfio bai taɓa sa jar hula ba."

Ban san lokacin da na wanke shi da mari ba, mutum mai jikoki. Na koma ɗakin a guje har ina ture Concetta, na durƙusa bakin gadon.

"Baba Alfio, ba kai ba ne! Des ne! Ni ban ga komai ba!"

Ya dube ni da tausayi, kamar ni ce marar lafiyar.

"Kina da kirki, yarinya. Amma kada ki ɗora wa ɗan'uwanki. Ni na tuna. Har zafin gwangwanin ina ji a hannuna."

"Wallahi ba ka yi ba!"

"Na yi. Har hular nan tawa, ja, na tuna ta."

Des ya shigo yana kuka, ya faɗa da bakinsa. Tsohon ya girgiza kai kawai, ya juya fuska bango. Washegari da hantsi ya cika, yana ɗauke da laifin da bai yi ba.

Bayan mun dawo daga maƙabarta na shiga tsohon ɗakina, na ɗaga labule. Tankin ruwan da Kakanmu ya kafa tun ba a haife ni ba ya tare ko'ina, ko gefen inda rumfar take ba a gani. Na rufe ido, sai ga Alfio da jar hula, tar, kamar jiya. Na buɗe. Can wani maƙwabci ya cinna wa rakensa wuta, baƙar toka tana sauka a hankali kan zannuwan da na manta a igiya.