Kwalbar Man Jirgi

Ranar da kamfanin jiragen sama ya sayi matatarmu ta bakin kogin Delaware don tsadar mai ta ishe shi, tsaki na ja. Masu raba wa fasinja gyaɗa, me suka sani game da ɗanyen mai?

Sai suka turo wata matuƙiya, Lorna, ta ga aikinmu. Na ɗebo man jirgin da muka tace a kwalba, na jujjuya, na ɗaga a hasken rana yadda muka saba. Garau, ko ɗigon ruwa babu.

Ta cire hularta. "Baba Wendell, ashe da idonka nake tsallake teku da mutum ɗari uku."

Shekara talatin da yatsa biyu nake ɗaga kwalbar nan. Yanzu hannu biyu nake sa mata.