Gwangwanayen Kawu Iliyasu

Shekara uku Tahira ta yi a jami'a tana koya wa na'urar rada gane tsuntsu. Ita dai rada aikinta ta harba sigina sama, ta saurari abin da ya dawo. Tahira so take ta riƙa hango tsuntsayen jan-baki masu cinye gero tun suna nesa, manoma su samu labari kafin su sauka. A ɗakin gwaji komai ya tafi sumul. Da gero ya fara nuna, sai ta kawo na'urar gonar kawunta Iliyasu, can bayan Dawakin Tofa. Aron kwana uku aka ba ta. In ba ta kama tsuntsun gaske a kwanakin nan ba, sai baɗi.

Duk iliminta, ta manta da gwangwani. Kawu ya zagaye gonar da igiya, ya rataya gwangwanayen madara da na tumatir, yana ja suna kaɗawa don korar tsuntsaye. Ƙarfe kuwa babu abin da rada ke gani kamarsa. Allon kwamfuta ya cika da ɗigo, kowane gwangwani ya zama tsuntsu.

Kawu ya leƙo ya ce, "Wato injin naki ba ya raba tsuntsu da gwangwani?"

"Zai raba, Kawu."

"To madalla. Ni da ban yi boko ba dai ina rabawa."

Bakinta ya kasa ce wa Kawu ya sauke gwangwanayen, don geron nan shi ne abincin gidan na shekara. Sai ta kafe a gindin ɗorawa kwana biyu, tana rubuta lissafin da zai tace motsin gwangwani ya bar na fiffike. Ta gyara, iska ta juya, komai ya rushe, ta sake daga farko. Abincin da aka aiko mata nan ya huce. Kawu yana wucewa yana kallonta, ya daina zolayar.

Ran na uku da hantsi ta kunna na'urar, sai ga allo fes. Can gefen gabas wani dunƙule yana tahowa, bugun fiffike a fili kamar a littafi. Daɗi ya kama ta, ta ɗauka lissafinta ne ya ci. Sannan ta lura gonar ta yi tsit.

Ta ɗaga kai. Kawu na zaune a kan kunyar gona, igiyoyin a naɗe, gwangwanayen jibge a gabansa. Jan-baki suka sauka a kan geron, zangarniya tana rangaji saboda nauyinsu.

Ta zabura za ta kore su.

"Zauna," in ji Kawu, bai ko kalle ta ba. "Ai sun riga sun fara ci. Kar su ci a banza."

Ta zauna. Hawaye na hana ta ganin allon, tana sharewa da gefen mayafi, ta ci gaba da ɗaukar bayanan tsuntsayen.