Kwalbar Man Gwiwar Barira

Jiya bayan azahar na ɗan kishingiɗa a rumfa, sai mafarki ya ɗauke ni. Dama da abu a raina na kwanta. Ƙanin matata Barira ya aiko mata wata 'yar kwalba daga Turai, wai mai ne da aka tace daga ganyen wiwi, ba ya bugarwa, ɗigo uku a ƙarƙashin harshe ciwon gwiwa ya kwanta. Ita kuwa shekara biyu ke nan tana shan maganin tsinka jini. Na ce ta dakata tukuna, ta yi fushi.

Sai ga ni a ofishin awon magunguna. Shugabar wurin zabuwa ce, da farar riga da tabarau. Layin da baya yake tafiya, saboda haka ni da na zo ƙarshe aka fara kira.

"Ranki ya daɗe, wannan zai cutar da matata?"

"Shiga ka tambayi mutanen ciki," in ji ta. Ta buɗe murfin kwalbar, na tuɓe takalmi na shiga.

Ashe gida ne babba. Wata tsohuwa na zaune tana tsinkar ganye.

"Ni ce CBG, uwar sinadaran ganyen wiwi," ta ce. "Daga gare ni duk suka fito, har da mai bugar da mutanen nan da ya ɓata mana suna. Amma ba mai zuwa gaishe ni."

Na durƙusa na gaishe ta sau biyu.

Ta nuna wani dattijo da ke barci a tsaye. "Ɗana CBN ke nan. Da shi ma taƙadari ne. Iska da rana suka tsufar da shi, yanzu sai gyangyaɗi."

"Wancan mai rawa ba kiɗa fa?"

"Ƙanin mai bugarwar ne. Rigarsu iri ɗaya, maɓalli guda aka matsar gefe."

"Ai takardar kwalba ba ta ambace shi ba."

"Takarda a waje take kwana, ina ta san na ciki?"

Sai na gan mu a wurin niƙa. Inji ɗaya ne tak, an rubuta masa HANTA. Ƙwayoyin maganin Barira sun jera kwanuka suna jira. Mutanen kwalba suka zo suka hau kan injin suka buɗe hira. Ƙwayoyi suka yi ta taruwa har rufi.

Barira na zaune a kan turmi, tana riƙe da yatsa.

"Malam, allura ce ta ɗan soke ni."

Jinin tsararo kamar zoɓon da aka cika wa ruwa, yana bin bango yana hawa sama, ya ƙi tsayawa. Na cire hulata na naɗe yatsan, na goya ta. Ba ta fi nauyin tabarma ba.

"Shekara talatin da huɗu ba ka taɓa goya ni ba," ta ce a kunnena.

"Ba ki taɓa tambaya ba."

"To kar ka yi sauri."

Ban yi ba. Muka isa gaban zabuwa.

"An gwada abin nan kuwa?" na ce.

"An gwada a kan ɓera."

Ɓeran na gefe yana shan shayi. "Ni dai lafiyata lau," ya ce. "Amma fa ba ni ne matarka ba."

Zabuwa ta buga min hatimi a goshi, ta ce mu dawo shekaranjiya. Na buɗe baki zan yi mata faɗa, sai ta fara tari, tari mai ƙarar ƙarfe.

Famfon tsakar gida ne. An kawo ruwa.

"Malam, tashi ka tara," Barira ta ƙwalo min kira daga ɗaki. "Ni ƙafar ta ƙi."

Na leƙa. Tana ɗinkin hula, yatsunta goma lafiya.

"Gobe da sassafe zan kai ki asibiti, mu nuna wa likitanki kwalbar nan. In ba ki iya tafiya, in goya ki."

Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

"Fara ɗaga bokiti mu gani."