Shingen Ƙarfe na Alkasum

A shekarar 1984, da damina ta sake yin ƙarya, Alkasum shi kaɗai ya rage a rumfarsa ta aikin ƙarfe da ke unguwar Zango a Damagaram. Da can mutum ba ya jin maganar na kusa da shi a wurin saboda ƙarar guduma da zarto. Gadajen amare, kujerun tsakar gida, ƙyauren shago, shingen benen alhazai, duk daga hannunsa suke fita. Har ma'aikatar magajin gari ta taɓa sa shi ya ƙera damin hatsi na ƙarfe, wanda ya fi mutum tsawo, aka kafa shi a wata mararraba. Mutane na cewa zangarniyar kamar a gasa a ci tumu. A wannan shekara kuwa ta gindinsa ake wucewa ba mai ɗaga kai.

Wanda bai ga abin zubawa a tukunya ba, ina shi ina gadon ƙarfe? Aure ma aka rage yi. Abokan aikinsa biyu, Gambo da Ɗan Azumi, suka yi masa sallama suka nufi kudu neman abinci. Matarsa Ramlatu ya sa ta a kamyo, babbar motar kaya, da 'ya'yansu zuwa Gidimuni, gidan mahaifinta, inda tafki bai ƙafe duka ba, ana ɗan samun rogo da dabino. Shi ya tsaya saboda injin da kayan aiki, yana cewa ko wani abu zai faɗo.

Gidan ya yi masa faɗi. Da safe ya tsayar da mai ga-ruwa, in an dace ya samu garwa guda, ya dama gari ya sha a tsaye, ya fito. A rumfa akwai gadaje uku da aka ba shi aikinsu ba a dawo ɗauka ba. Kullum sai ya kakkaɓe su, ya zauna a gefen ɗaya yana kallon hanya. Wata rana tun daga sallar asuba har la'asar ba wanda ya yi magana da shi sai wani makaho da ya tambaye shi hanyar kasuwar Dole.

Ana cikin haka wani ma'aikacin gwamnati ya tsaya da mobilet, ɗan ƙaramin babur, a bakin rumfar.

"Kai ne Malam Alkasum mai aikin ƙarfe?"

"Ni ne, yallaɓai. Bismilla."

"Ba zama zan yi ba. Ka san inda ake rabon dawar agaji a bayan gari? Jiya an tattake wata tsohuwa a turmutsitsi. Muna son shinge na ƙarfe, layi biyu, maza daban mata daban, yadda mutum ɗaya-ɗaya zai riƙa wucewa. Za ka iya?"

"Zan iya."

Ya yi murna da aikin, ba zai ce bai yi ba. Amma da ya je auna wurin ya ga mutanen da za a yi wa shingen, sai murnar ta kwanta. Mutanen ƙauye ne, daga Tirmini da Droum da can arewa, manoma da makiyaya, sun kafa bukkoki da zannuwa da kwalaye a tsakanin duwatsu. Ya ga hannayensu, fata ta manne da ƙashi. Da ya koma rumfa sai ya ajiye ƙarfe mai kaifin baki da aka kawo masa, ya nemo bututu mai santsi. Duk inda ya haɗa biyu da wuta sai ya bi da magagari ya goge har sai ya shafa da tafin hannu bai ji komai ba. Ya ƙara sanda ɗaya ƙasa-ƙasa, daidai inda ƙaramin yaro ko mai rarrafe zai iya kamawa. Bai shafa baƙin fenti ba, don ya san yadda baƙin ƙarfe ke ɗaukar rana. Fari ya shafa.

Ranar da aka fara amfani da shingen ya je duba ko akwai ƙafar da ke motsi. Yana durƙushe yana girgiza wata, sai ya ga wani hannu ya kama sandar sama, dab da kansa. Ɗan yatsan tsakiya na hannun a karkace yake. Alkasum ya san yatsan nan, yana nan ranar da wani sa ya take shi a bakin rijiya suna yara. Ya ɗaga kai. Yayansa ne, Illa.

Sun yi shekaru ba su ga juna ba. Su 'ya'yan Mala ne, babban manomi a Droum, wanda rumbunansa ba su taɓa ganin ƙasa ba. Alkasum tun yana saurayi ya bar gona ya shigo birni ya koyi aikin ƙarfe a wani garaji, abin da uban bai taɓa yafe masa da baki ba. Da tsohon ya rasu, Illa ya riƙe gonaki duka. Alkasum ya je ya yi magana, Illa ya ce masa a gaban dangi: "Kai da ka zaɓi ƙarfe, ka je ka shuka ƙarfe." Daga ranar Alkasum bai sake taka Droum ba.

Yanzu ga Illa a layi, da ƙwarya a hammata, rigarsa ta yi masa yawa kamar ta aro. Idonsu ya haɗu. Illa ya janye hannunsa daga sandar, ya juya fuska wajen gabas. Layi ya matsa, shi ma ya matsa.

Alkasum bai kira shi ba. Ya san in ya ce "Yaya" a cikin mutanen nan, Illa zai fita daga layi ya bar dawar. Sai ya koma gefe ya jira har aka auna wa Illa, sannan ya bi shi daga nesa. Illa ya ratsa bukkoki har gindin wani dutse, inda aka ɗaure wani ramammen jaki. A inuwar dutsen wata mace na kwance a kan tabarma. Kulu ce, matar Illa, wadda da ta fi kowa dariya a gidansu, ita ce ma take ɓoye wa Alkasum ƙanzo yana yaro.

Alkasum ya yi sallama. Kulu ta amsa, ta ƙura masa ido, sai ta yunƙura za ta tashi ta kasa. Ƙafafunta sun kumbura har gwiwa.

"Alkasum ne? Ashe rai kan ga rai."

"Ni ne. Sannu, Kulu." Ya durƙusa ya juya wajen wansa. "Yaya, ina wuni?"

"Lafiya," in ji Illa, yana tsince tsakuwa daga cikin dawar.

"Yaya gida?"

"Ba kowa a gida. Mun rufe ɗakuna da ƙaya. Shanun sun mutu, na ƙarshen a kan hanyar rijiya ya faɗi. Yaran sun tafi cin rani tun bara, ba labari."

Jakin na lasar dutse.

"Yaya, gidana ba kowa. Ramlatu na Gidimuni da yara. Ɗakuna biyu a buɗe. Ku taso mu tafi."

"Ba zama muka zo yi ba."

"To ina za ku?"

Kulu ce ta amsa. 'Yarsu Sakina na aure a wani ƙauye kusa da Magarya, can ana cewa fadama ba ta mutu ba. Can take son zuwa. "In ma mutuwar ce, a ɗakin 'yata," ta ce. Sun iso Damagaram ne tana kan jaki, amma yanzu ba ta iya zama a kansa, bayansa duk ƙashi, kuma ƙafafun ba sa son a sake su suna lilo.

"Sai in nema muku kamyo."

"Jakin fa?" in ji Illa. Karon farko ke nan da ya dube shi sosai. "Shi kaɗai ya rage daga abin da Baba ya bari. In ruwa ya sauka, da me zan kai taki gona? Ba na barinsa, ba na sayar da shi."

Alkasum ya ga ba inda maganar za ta. Ya san wansa: in ya kafe, ko turmi ya fi shi saurin motsi. Ya tashi ya je wajen jakin, ya shafa wuyansa, ya auna faɗin ƙirjinsa da tafin hannu, ya auna tsawonsa. Illa na kallo.

Da ya koma rumfa sai ya jawo ɗaya daga cikin gadajen nan uku, wanda aka yi wa furanni a wajen kai, ya sa zarto ya yanke ƙafafunsa. Ya bi garaji-garaji har ya samo ƙafafun tsohon mobilet biyu masu sauran rai. Amalanke yake so, amma ba irin na ɗaukar itace ba, wanda jaki mai ƙoshi ma sai ya yi nishi. Mara nauyi yake so, wanda mutum zai ɗaga da hannu ɗaya. Ya bar ragar gadon yadda take don ta riƙa lotsawa in an shiga rami. Ya ɗaga wajen ƙafa kaɗan saboda kumburin. Ya lanƙwasa sanduna biyu a sama, inda za a yafa zane a yi inuwa. Wutar lantarki na zuwa tana ɗaukewa. In ta ɗauke ya yi guga da magagari, in ta dawo ya kama haɗi. Rabon da ya ji kansa haka tun kafin tafiyar Ramlatu. Har ya tsinci kansa yana magana shi kaɗai, yana cewa, "Riƙe nan," alhali ba mai riƙewa.

Da aikin ya ƙare ya ja amalanken da hannu har gindin dutsen, da rabin buhun hatsin da ya rage masa a ɗaure a ƙarƙashi. Mutanen bukkoki suka taru suna kallo. Kulu ta shafa furannin ƙarfen, ta yi dariya, irin dariyarta ta da, sai dai ba ƙarfi.

"Gadon amarya ka kawo mini da tsufana?"

"Ai ba ki taɓa hawa na ƙarfe ba."

Illa ya zagaya shi sau biyu. Ya danna ragar, ya girgiza ƙafafun, ya ɗaga hannuwan ya ji nauyinsu. Ya ga buhun, ya buɗe baki zai yi magana, sai Kulu ta ce, "Malam," a hankali. Ya rufe bakin.

Washegari da hantsi suka ɗaura wa jakin. Su biyu suka ɗauki Kulu suka kwantar, Illa ta wajen kai, Alkasum ta wajen ƙafa. Ba ta fi damin kara nauyi ba. Alkasum ya raka su har inda gidaje suka ƙare, hanyar kudu ta miƙe fetal, ba ganye ko ɗaya a kan itatuwa. Jakin na tafiya ba tare da an doke shi ba.

A nan Illa ya tsaya. Ya daɗe yana gyara igiyar da ba abin da ya same ta.

"Shingen can na wurin rabo, an ce kai ka yi."

"Ni na yi."

"Ba ya ƙuna." Sannan ya miƙo hannu. "Koma haka nan. Rana na yi."

"Allah ya kiyaye hanya, Yaya."

"Amin."

Alkasum ya tsaya har farin zanen da aka yafa ya zama ɗigo, sannan ya juyo. A gida ya tarar da garwar ruwa inda ya bar ta. Ya dama gari, ya zauna a bakin ƙofar ɗakin Ramlatu ya sha, yana jin kukan kurciya a gidan maƙwabta, waɗanda su ma sun tafi.

Watanni suka wuce ba labari. Ya ci gaba da buɗe rumfa, yana gyaran guga da ƙafar kurar ɗaukar kaya, abin da da ba ya karɓa. Sai gab da faɗuwar damina wani direban kamyo mai bin hanyar Magarya ya tsaya ya tambayi Alkasum ɗan Mala. Ya ce an aiko shi ne. Kulu ta isa da ranta, ta yi watanni a ɗakin 'yarta, har ta ɗan fara cin abinci, sannan Allah ya karɓi abinsa shekaranjiya. Illa ne ya ce a faɗa masa.

Alkasum ya rufe rumfa ya bi kamyon da zai koma. Ya isa ƙauyen da la'asar, aka nuna masa gidan. A ƙofar gida maza na zaune a kan tabarmi, Illa na tsakiya, ya ƙara tsufa. Da ya ga ƙanensa sai ya matsa gefe ya bar masa wuri a tabarmarsa. Alkasum ya zauna, suka yi addu'a.

Can wasu dattawa suka iso gaisuwa. Suka yi wa Illa, sannan ɗayansu ya dubi baƙon yana tambaya da ido.

"Ƙanena ne," in ji Illa. "Daga Damagaram."

Dattijon ya miƙo wa Alkasum hannu biyu. "Ya haƙuri? Allah ya jiƙanta."

"Haƙuri sai ma'aiki," ya amsa. Ya zauna a nan tare da wansa suna karɓar gaisuwa har aka kira magariba.