Tellervo Ta Ƙi Zama a Gida

Tun muna 'yan mata muke waƙa da Tellervo a ƙungiyar mawaƙan cocinmu a Helsinki. Ana saura mako guda mu haye teku zuwa birnin Tallinn yin waƙa, sai Veikko, sabon shugabanmu, wanda a haife ta haife shi, ya ja ta gefe ya ce muryarta ta fara rawa, gara ta huta a gida.

Ranar Asabar da safe muna shiga jirgin ruwa sai ga ta a wurin shan kofi da jar hula, ta riga kowa kama kujerar bakin taga.

Veikko ya yi turus. "Tellervo, ai mun yi magana."

"Mun yi. Jirgin ma naka ne?"

Kowa ya sunkuyar da kai ya wuce. Ni na ja kujera na zauna.

Ta ce, "Orvokki, bi su, kar a haɗa da ke."

"Yi mini shiru, miƙo sukari."

Da muka sauka, motar ƙungiya na jira. Veikko ya yi ta ƙwala mini kira, na ɗaga masa hannu kawai, na kama hannun Tellervo muka miƙe da ƙafa. Mun sha zuwa garin nan, amma daga mota sai coci, daga coci sai jirgi. A ranar muka ga kasuwar bayan tasha, muka sha miyar kabeji a tsaye, muka ɓata a lunguna har ruwa ya jiƙa mu. Gwiwarta na ciwo a kan duwatsun titi, amma ta rantse sai ta hau tudun tsohon gari.

A can sama, tana kallon jajayen rufin gidaje da teku, ta ajiye jaka ta fara waƙar da aka hana ta. Gaskiya muryar ta yi rawa, Veikko bai yi ƙarya ba. Ba ta tsallake baiti ko ɗaya ba.

Wani dattijo mai sayar da gasasshen almon, wani abu mai kama da gyaɗa, ya leƙo. "Baba, rage murya, kina korar mini masu saye!"

"Wa kake ce wa Baba? Ka kalli madubi kuwa?" Ta ɗauko wata waƙar, ni ma na shiga.

A jirgin yamma Veikko ya same ni ni kaɗai, ya ce in na zo gwaji ranar Talata, komai ya wuce.

Na ce, "Da ita?"

Ya ce ba zai yiwu ba.

Ban je ba. Kafin dusar ƙanƙara ta sauka mata biyu sun baro shi sun biyo mu. Yanzu a kicin ɗin Tellervo muke haɗuwa, maƙwabcinta na buga bango, mu kuwa sai mun kai aya.