Tela Mai Kwali Uku a Rana

A wata Asabar ta watan Oktoba, ɗaliban Najeriya mazauna unguwar Abbasiya a ƙasar Masar suka zama al'umma ta farko a tarihin ɗan Adam da ta kawar da shan sigari baki ɗaya. Kashi sifili cikin ɗari. Ƙasashen Turai da suka shekara da shekaru suna ƙara haraji, suna manna hoton ruɓaɓɓen huhu a jikin kwali, har yau ba su kai nan ba. Ustaz Kamilu, sakataren lafiya na ƙungiyar ɗalibai, cikin minti huɗu ya kai.

Ga yadda aka gudanar da binciken. Wata ƙungiyar agaji ta buɗe ɗan ɗaki a Abbasiya don taimaka wa baƙi masu son barin sigari. Sai ta aiko da takarda tana tambayar mutum nawa ke sha a cikin ɗalibai, don ta san yawan kayan da za ta ware musu. Kamilu ya jira aka idar da la'asar a masallacin da ɗalibai ke taruwa, ya miƙe a gaban mutum tamanin da uku, dattijon ƙungiya na zaune a sahun gaba yana jan carbi, ya ce duk mai shan sigari ya ɗaga hannu. Ya ba da isasshen lokaci, domin shi mutum ne mai adalci. Har ya maimaita tambayar da Larabci, ko akwai wanda Hausa ta fara kufce masa. Ba hannun da ya tashi. Aka yi kabbara, ya rubuta sifili, ya buga hatimi.

A sahun gaban nan, kusa da dattijon, Malam Harun na zaune, hannayensa biyu a kan gwiwa kamar an ɗinke su da wando. Shi ne makarancin ƙungiya. Ba a buɗe walima ko taron suna sai da muryarsa, kuma rabin waɗanda ke masallacin a wurinsa suka gyara tajwidinsu. Shekararsa goma sha ɗaya yana shan sigari.

Ba wanda ya sani, domin ya ba abin haƙƙinsa na wahala. Yakan shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya sauka ya hau ƙaramar bas har unguwar Faisal, inda ba mai kiransa Malam, ya sha kara huɗu a jere a bayan wani shagon gyaran firiji, ya tauna kanumfari, ya shafe jikinsa da turare, ya dawo Abbasiya yana ƙamshi kamar waliyyi. Abin da ya tsorata shi numfashi ne. A wani taron suna ya ɗauko doguwar aya, iska ta ƙare masa a tsakiya, ya tsaya a inda babu makarancin da ya taɓa tsayawa. Wasu suka ɗauka wata ruwaya ce da ba ta iso Najeriya ba tukuna. Har wani ya zo yana neman ijaza a kanta.

Mako uku kafin binciken Kamilu, Harun ya lallaɓa ɗakin nan da tsakar rana, lokacin da kowa ke aji. Likitar wurin, Daktora Eman, 'yar Masar ce mai tabarau a ƙarshen hanci. Ta ba shi cingam mai nikotin, ta ce: "Hayaƙin ne ke cinye maka ƙirji, nikotin shi ke riƙe da ƙafarka. Wannan ba alewa ba ce, kuma ba lafiya ba ce. Tsani ne na sauka. Ka tauna kaɗan, ka ajiye a kumatu, duk wata mu rage." Ya yi kwana ashirin da ɗaya bai ga Faisal ba.

Talatar da ta biyo bayan binciken, ya je karɓar na mako, ya tarar ana ɗaure kwalaye.

"Ma'alish, yi haƙuri ya Shehi," in ji Daktora Eman. "Mun koma unguwar Arba wa Nus, wurin 'yan Sudan. Ku ba ku da masu sha."

"To ni fa?"

Ta miƙo masa takardar. "Ga hatiminku. A lissafi babu kai. In kana son katin karɓar kaya, ƙungiyarku ta rubuto min sunanka."

Harun ya hango sunansa a rubuce da hannun Kamilu, mutumin da ke karanta kowace wasiƙa a gaban taro kafin ya aika, saboda gudanar da mulki a buɗe. Ya yi godiya ya fito. A kumatunsa akwai cingam na ƙarshe, tun safe ɗanɗanonsa ya ƙare.

A Arba wa Nus akwai wani tela, Tijjani, wanda ke ɗinka wa ɗalibai jallabiya. Bahaushen Sudan ne. Kakansa ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar aikin hajji, ya yada zango a bakin kogin Nilu don ya huta, hutun bai ƙare ba har yau. Tijjani bai taɓa ganin Najeriya ba, don haka yana ganin duk wanda ya fito daga can da Alƙur'ani a ka kusan ɗan Aljanna ne. Shekararsa hamsin da biyar, bai taɓa sa sigari a baki ba. Abin da yake so a duniya, bayan matarsa Mahasin, shi ne ya rufe shago bayan la'asar, ya tsallaka titi zuwa ahwa, wato shagon shayi, ya buga domino da tsofaffin abokansa yana kurɓar gahawa mai citta.

Harun ya kai masa wando a rage tsawo. Wandon ba ya bukatar ragi. Ya yi ta zagaye, ya fara da halin da al'umma ke ciki, ya ratsa ta saɓanin malamai kan hukuncin taba, ya sauka a kan "wani bawan Allah".

Tijjani ya cire allura daga baki. "Maulana, bawan Allahn nan kwali nawa yake sha?"

"Ɗaya, Baba. Wani lokaci da ɗoriya."

"Khalas, shi ke nan. Ranar Talata sai in zama shi."

"Ƙarya ce fa, Baba."

"Kai ne malami, ka nemo mata suna mai daɗi. Ni dai muryar da ke karanta maganar Allah ba za ta mutu a Faisal ba."

Harun bai taɓa ambata Faisal ba. Bai kuma tambayi yadda aka yi telan ya sani ba.

Haka aka fara. Kowace Talata Tijjani ya bi layi wurin Daktora Eman, ya karɓo cingam, ya cusa a aljihun wando, Harun ya zo karɓar ɗinki. Wandon ya sha ragi har ya fara nuna ƙwauri, ɗalibai suka ce tsantseni ne, wasu ma suka kwaikwaya.

Da abin ya tsaya nan, da da sauƙi. Amma Ja'afar, abokin ɗakin Harun, mai digiri na biyu a ilimin hadisi, ya zuba wa muƙamuƙinsa ido wata safiya, ya ce: "Malam, wannan ba taunar kanumfari ba ce. Kanumfari ba a ajiye shi a kumatu." Suka dubi juna irin kallon mutum biyu da suka haɗu a inda bai kamata ba. Ashe Ja'afar ma yana da tasa Faisal ɗin, wani lungu ne a bayan tashar jirgi. Shi kuma ya zo da na uku, wani mai nazarin rabon gado, wanda ya roƙi kada a faɗi sunansa ko a gaban tela.

Kati ɗaya ake ba mutum ɗaya, kuma gwargwadon shanka gwargwadon kayanka. Don haka shan Tijjani ya ƙaru. Daga kwali ɗaya ya koma biyu, kafin ƙarshen wata ya kai uku. Ja'afar cingam na sa shi shaƙuwa, sai filastar nikotin da ake mannawa a dantse. Mai rabon gado ba abin da ke masa sai 'yar jakar nikotin ɗin nan da ake cusawa ƙarƙashin leɓe. Tijjani ya zama mutum guda da ke tauna, yana mannawa, yana cusawa. Daktora Eman ta sa abin awo a ƙirjinsa, ta daɗe tana saurare, ta ji huhu garau kamar na ɗan kwale-kwale. Ta dube shi ta saman tabarau, ta rubuta abin da ya ce, ta miƙa masa kaya, ta ce: "Ka gaishe min da kwalaye ukun. Ka ce wa na tsakiyar ya riƙa sauya dantse."

A watan Janairu rahoton ƙungiyar agajin ya fito, babu suna ko ɗaya a ciki. Sai dai a shafi na huɗu an ambaci wani tela ɗan shekara hamsin da biyar mai shan kwali uku a rana. Kamilu ya karanta, ya ajiye gefen sifilinsa, tausayi ya kama shi. Al'ummar da Allah ya tsare, in ji shi, wajibi ne ta kai wa 'yan'uwanta ɗauki. Ya shirya taron wayar da kai a Arba wa Nus, ranar Juma'a bayan la'asar, cikin rumfa, maza a dama, mata a hagu.

Harun ne ya buɗe da karatu. Ya ɗauko doguwar ayar nan da ta taɓa kayar da shi, ya kai ta ƙarshe da numfashi ɗaya, har da saura. Rumfa ta ɗauki "Allah, Allah". Tijjani na sahu na biyu, idonsa ya kawo ruwa.

Kamilu ya yi minti arba'in. Ya nuna taswira, ya jero ƙasashe daga mafi ƙarancin hayaƙi zuwa mafi yawa, ya ɗora Abbasiya a can saman duka, ita kaɗai. Ya ce cingam da filasta dabarun masu raunin imani ne, ɗalibansa ba su taɓa bukatarsu ba. A bayansa Ja'afar ya sosa dantse.

"Kuma akwai wani bawan Allah a unguwar nan," in ji Kamilu, "ba zan kama suna ba, domin rufin asiri wajibi ne. Tela ne. Shekararsa hamsin da biyar."

Teloli uku ne a layin. Ɗaya mace ce, ɗaya bai kai talatin ba. Duk rumfa ta juya. A ɓangaren mata, Mahasin ta gyara mayafi a hankali.

"In yana nan, ya tashi mu yi masa addu'a. Ba tonon silili ba ne, ƙauna ce."

Hannun Harun ya tashi daga gwiwarsa. Ya kai kamu ɗaya a sama, wataƙila da ɗan yatsa. Ya hango dattijon ƙungiya da carbinsa, da waɗanda ya koya wa tajwidi jere a bayansa. Tijjani ya kalle shi, ya girgiza kai kaɗan, irin yadda yake yi in mai ɗinki ya zaɓi yadin da ba zai karɓe shi ba. Sannan ya dafa gwiwa ya miƙe. Hannun Harun ya ci gaba da tafiya har ya isa hularsa, ya gyara mata zama.

Talata Harun ya je karɓar wando. Ya tarar da Mahasin zaune kan kujera a ƙofar shago, tana tsince wake a faranti.

"Maulana, sannu da zuwa. Ka ga abin da mutumin naka ya yi mana? Shekara ashirin da shida ina wanke masa riguna, ban taɓa jin wari ba. Ka ga gwanintar ɓoyo." Ta wurgar da tsakuwa. "Ahwa dai ya gama zuwa, can ne hayaƙin yake. Gahawa ma na hana, an ce ita ke kiran sigari. Maigida, Abu Dalia, ka sha karkaden, zoɓon da na dafa maka?"

"Na sha," in ji Tijjani daga ciki.

"Yi masa addu'a, Maulana. Bakinka akwai albarka."

Harun ya ɗaga hannuwa biyu, wannan karon har sama. Ya roƙa wa Tijjani shiriya da ƙarfin zuciya da lafiyar ƙirji, doguwar addu'a, bai tsaya jan numfashi ba ko sau ɗaya. Mahasin ta shafa. Tijjani ya ce amin.

Daga tsallaken titi aka buga domino a kan tebur, wani ya yi dariya, wani ya kira sunan wanda zai zauna a kujerar da ta rage. Tijjani bai ɗaga kai ba. Ya naɗe wandon, ya danna aljihun da tafin hannu don kada kumburin ya nuna, ya miƙa wa Harun.

"Mako mai zuwa ka kawo wani wandon, Maulana," ya ce a hankali. "Wannan ba sauran abin ragewa."

Ya kurɓi karkaden da ya huce, ya taka keken ɗinki.